Nasiha ga Ɗiyata Mai Aikin Labo: Fara da Ƙofar Gida

 Na ji kin kammala karatun kimiyyar sinadaran jiki, kin kama aiki a labo, kuma malamanki sun ce ki zaɓi abin da za ki bincika don karatun gaba. Kin aiko kina tambayata ta ina za ki fara. Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Matambayi ba ya ɓata. Zauna mu yi magana a hankali, ba sauri muke ba.

Na san abin da ke jan hankalinku a yanzu. Kuna buɗe intanet kuna ganin aikin manyan ɗakunan gwaje-gwaje na Faransa da Amurka, inda ake karanta ƙwayoyin gado har a yi musu gyara. Ilimi ne mai kyau. Ki karanta shi, ki san shi. Amma idan aka zo zaɓen abin da za ki ba shekarunki, ina so ki fara duban ƙofar gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mutanen Tsibiri mun koyi wannan darasi da tsada, kuma ƴaƴanmu ne suka biya.

A 1985 aka fara ba garin ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Murna aka yi. Ruwa ne garau, ba wari, ba laka, mata sun huta da jan guga. Bayan ƴan shekaru sai haƙoran yara suka soma rinewa. Daga nan ƙafafu suka fara lanƙwashewa. Wasu suka yi gwame, kan wasu ya girma, wasu tafiya ta gagare su. Iyaye ba su zauna ba. Sun je asibiti, sun je wurin malamai, sun je wurin masu magani. Ba wanda zai ga laifinsu, domin ido ba ya ganin abin da ya narke cikin ruwa.

Sai wajen shekarar 2000 maganar ta fito fili. Fuloraid ne ya yi yawa a ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita. Na Tsibiri an same shi daga kusan miligiram 5 zuwa sama da 6, wato ninki uku zuwa huɗu. An lissafa yara fiye da 400 da nakasa mai tsanani. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ANDDH ta nan gida da FIDH ta duniya, sun bi kadin lamarin har suka fitar da rahoto a 2002, kuma adadin yaran da abin ya taɓa ya kai kimanin 5,000.

Kin fi ni sanin yadda abin yake aiki, amma bari in maimaita don ya zauna. Fuloraid kaɗan yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya yi yawa sai ya shige cikin ginin ƙashi ya zauna. Ƙashin ya yi kauri, amma ba ƙwari. Yaro ya fi babba ɗauka, saboda nasa ƙashin yana kan ginuwa. Ƙasarmu kuma ƙasar zafi ce, muna shan ruwa da yawa, don haka abin da ke shiga jiki a yini yana da yawa. Yaron da ba ya samun nono isasshe, kalsiyom ɗinsa ya yi ƙasa, ya fi kowa jin jiki. Tafasa ruwa ba ya fitar da fuloraid, ƙara tattara shi ma yake yi. Haƙorin da ya rine ba ya komawa fari, ƙashin da ya lanƙwashe kuma da wuya ya miƙe.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, awon fuloraid ba aiki ne mai wuya ba. Ƴar na'ura ce da mintoci kaɗan. Amma shekara goma sha biyar aka yi ana sha. Waɗannan yaran yanzu magidanta ne da matan aure. Wani noma yana ba shi wahala, wata ɗaukar tulu ta gagare ta, wani bai samu zuwa makaranta ba. Ban kawo maganar don tonon silili ba, abin da ya wuce ya wuce, Allah ya ba su haƙuri da lada. Na kawo ta ne don ki gane girman kujerar da kika zauna a kai. Awo guda da aka yi a kan lokaci yana iya tsare ƙafafun yaran gari guda.

Saboda haka, in kina neman shawarata, ki fara da ruwa. Ki tambayi kanki rijiyoyi nawa ne a kwarin Gulbin Maradi aka san abin da ke cikinsu a bana, daga Tsibiri zuwa Jiratawa, zuwa Madarunfa da Gidan Runji. Ki auna da rani, ki sake aunawa da damina. Ki auna fitsarin ƴan makaranta, domin fuloraid yana bayyana a fitsari tun kafin ya bayyana a ƙafa. Akwai ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, a Yamai, amma tsakaninmu da Yamai ya fi kilomita 600. Abin da za a iya aunawa a Maradi, a auna shi a Maradi. Idan kin sami rijiya mai yawan fuloraid, kada ki tsaya a faɗa kawai. A Kenya da Tanzaniya da Habasha ana tace irin wannan ruwa da gawayin ƙashi. Ƙashi kuwa ba ya yanke mana a mahauta. Gano yadda za a ƙona shi daidai, da tsawon lokacin da yake aiki kafin a sauya shi a irin ruwanmu, bincike ne cikakke da zai ba ki digiri, ya ba jama'a lafiya.

Ki leƙa fadamar Jiratawa kuma. Can ake noman rani, can zogalen da muke ci yake fitowa, can ake feshin maganin ƙwari. Akwai wani sinadarin jini, kolinestaras, da yake raguwa a jikin wanda wasu magungunan feshi suka shiga. Mai feshi zai ce miki ciwon kai ne kawai da jiri. Jininsa zai faɗa miki gaskiya. Idan manomi ya ga sakamakonsa da idonsa, ba sai an roƙe shi ya rufe hanci da hannu ba.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga irin tamu a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yara suna ta suma suna mutuwa, ana ba su maganin zazzaɓi ba sauƙi. Da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jini, sai ga gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda kika ga ciwo ya taru a unguwa ɗaya ko sana'a ɗaya, kuma maganin da aka saba ba ya jin sa, to akwai abin da ba a auna ba tukuna.

Bayan ruwa sai abinci. Maradi da gyaɗa ta yi arziki, kowa ya sani. To gyaɗar da aka ajiye da danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. Suya ba ta kashe ta, dafuwa ba ta kashe ta. Tana taruwa a ƙuliƙuli, tana shiga masara. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a cikinmu, haɗarin kansar hanta yana ninkuwa sosai. Wani bincike da aka yi a Benin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa. Ki je Tarna wurin masu binciken noma na INRAN. Su suna da gyaɗar, ke kina da jinin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tamowa ma taki ce. A yunwar 2005 MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a jiharmu. An ci gaba sosai tun daga lokacin, amma har yanzu duk damina ɗakunan jinyar tamowa suna cika. Yaron da tamowa ta ci, sukarin jininsa yana faɗuwa ba zato, fotasiyom da fosfet ɗinsa suna rikicewa, musamman a kwanakin farko da aka soma ba shi madara. Wane awo ne mai araha zai nuna wa ma'aikaciyar jinya, tun daren farko, yaron da ya fi bukatar a tsaya a kansa? Wanda ya amsa wannan ya share hawayen uwaye da yawa.

Sai jinin kansa, kuma a nan amosanin jini ne a gaba, wanda wasu ke kira sikila, mu kuma muke cewa emasi. Yana da babban matsayi a tarihin iliminku. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin ne, a 1956 Vernon Ingram ya gano cewa ƙwayar amino asid guda ce tak ta sauya. A ƙasar Hausa kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irin. Idan masu ɗauke da shi biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Abin tausayi shi ne yawancin yaran ba a gane su sai sun galabaita, wasu ma sun koma ba a san abin da ya ɗauke su ba. Alhali tun 1986 aka tabbatar a Amurka cewa ba su fenisilin kullum yana kare su daga cututtukan da ke kashe su da wuri. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an nuna cewa maganin haidiroksiyuriya yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran da awo ya nuna suna cikin haɗari. Yanzu akwai ƴan katunan gwaji da ɗigon jini ɗaya daga diddigen jariri ya ishe su. Ki gwada su a nan. Suna faɗin gaskiya bayan sun kwana a zafin Afrilu? Suna rarrabe himogulobin nau'in S da nau'in C? Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya karanta su daidai? Akwai cibiyar ƙasa ta wannan ciwo a Yamai, za su yi murna da amsarki.

Kada ki manta da shawarar jarirai. Yara da yawa a yankinmu, musamman maza, ana haihuwarsu da ƙarancin sinadarin G6PD, jajayen ƙwayoyin jininsu suna saurin fashewa. Ƙwallon kafur da ake sa wa cikin kayan jariri don ƙamshi ya isa ya tayar da abin. Idan bilirubin, sinadarin da ke kawo shawarar, ya hau kai ba a auna ba, yaro yana iya rasa ji ko ya nakasa har abada. Awon kuwa mai sauƙi ne, magani kuma fitila ce.

Akwai wata magana da nake so ki riƙe, saboda tana koyar da ladabi. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ciwon zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Mai jego ta kumbura, numfashi ya gagara, wata ta tafi ta bar jariri. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Aka daɗe a kan haka. A 1992 wani bincike a Yamai ya nuna masu ciwon suna da ƙarancin seleniyom a jini. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka faɗaɗa binciken, suka ga rama da talauci da hawan jinin mai ciki sun fi al'adun jego alaƙa da ciwon, suka kuma bi sawun seleniyom ɗin. Kin ga ke nan. Kada ki yi saurin kushe abin da kakarki take yi sai kin auna. Kada kuma ki yi saurin wanke shi sai kin auna. Kanwar da ake sayarwa a babbar kasuwar Maradi iri-iri ce. Nawa ne gishirin kowace, nawa ne fuloraid ɗinta? A Tanzaniya an gano irin tasu kanwar tana ƙara wa mutane fuloraid ta cikin girki. Tamu tana jiran mai aunawa. Haka za ki yi wa sassaƙe da saiwoyin masu maganin gargajiya. A Abuja, cibiyar NIPRD ta haɗa maganin amosanin jini, Niprisan, da tsirran da suka haɗa da masoro da kanumfari da karan dafi. Ki girmama mai magani, sannan ki duba abin da maganinsa yake yi wa hanta da ƙoda.

Yanzu bari in zo kan abin da duk waɗannan suka dogara a kansa. Labo tiya ce. Idan tiya ta lotse, mai saye da mai sayarwa duk sun cutu, ko da kuwa ba wanda ya yi niyyar cuta. Iyakokin da kike gani a takardar da ke zuwa cikin kwalin sinadaran gwaji, masu cewa wannan lafiya ne wancan ciwo ne, yawanci a jikin mutanen wasu ƙasashe aka auno su. Jikinmu yana da nasa hali. Mutanen Afirka ta Yamma da yawa suna da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, kuma lafiyarsu ƙalau. Awon HbA1c na masu ciwon sukari ya dogara ne a kan cewa jan ƙwayar jini tana yin kwana 120, alhali ta mai amosanin jini ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, sai awon ya ba da lissafin ƙarya. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, don haka ramammen yaro zai iya nuna adadi mai kyau alhali ƙodarsa tana wahala. Wanda ya zauna ya auna lafiyayyun mutanen Maradi, maza da mata, yara da masu ciki, ya fitar mana da namu iyakokin, ya yi aikin da kowane likita a jihar zai ci moriyarsa kullum.

Ga zafi kuma. Yawancin sinadaran gwaji suna son sanyin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40, wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Jinin da aka ɗiba aka bar shi ba a tace ba, sukarinsa yana raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa. Idan ƙwayoyin suka fashe a hanya saboda jijjigar babur, fotasiyom zai hau, likita ya tsorata a banza. To awa nawa jini zai iya yi tsakanin ƙauye da Maradi kafin sakamakonsa ya lalace? Wannan ma bincike ne, kuma ba ya bukatar injin miliyoyi. Haƙuri yake bukata da littafin rubutu mai tsabta. Ki riƙa gwada injinki da ruwan tantancewa kowace safiya kafin ki taɓa jinin kowa. Ranar da ya kauce, ki tsaya ki gyara, ko da layi ya yi tsawo. Gara mutum ya jira da a ba shi takardar da za ta sa a yi masa maganin ciwon da ba shi da shi.

Jinin da ke cikin kwalba, ɗiyata, amana ce. Na wani ne, ɗan wata ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kimanin 200. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Shari'a ta ja har 2009. Rashin yardar da abin ya bari yana cikin dalilan da suka sa aka ƙi allurar shan inna a 2003, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Don haka ki yi wa mutane bayani da Hausa, a zaune, har su gane. Wanda ya ce a'a, ki yi masa godiya ki bar shi. Ki bi ta kwamitin ɗa'a, ki gaida sarki da masu unguwa da limamai, domin da ɗan gari akan ci gari. Idan kin gama, ki koma ki faɗa musu abin da kika gani. Ki kai wa magajin gari da hukumar lafiya ta jiha a rubuce, da harshen da za su iya aiki da shi. Sakamakon da ya tsaya a mujallar ƙasar waje bai rufe rijiya ko ɗaya ba.

Kada ki ɗauka aikin gida ƙaramin aiki ne da duniya ba za ta waiwaya ba. A Madarunfa aka gwada allurar rigakafin gudawar yara ta rotabairos mai jure zafi, wadda aka yi a Indiya. Cibiyar Epicentre ta Maradi ce ta yi aikin da jarirai fiye da 3,500, aka buga sakamakon a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar a 2018.  Jami'ar da ke Maradi ma sunan ɗan garin take ɗauke da shi, Dan Dicko Dankoulodo, masanin sinadarai wanda ya riƙe ministan ilimi. Kina da magabata a wannan hanya. Baƙi za su zo da kuɗi da tambayoyinsu, ki karɓe su hannu biyu, akwai alheri a tare da su. Amma ki je teburin da taki tambayar, kuma ki tabbata an bar ilimin da kayan aikin a nan idan sun tafi.

Na lissafa miki abubuwa da yawa, ba don ki ɗauke su duka ba. Ɗaya za ki zaɓa. Ki auna shi da tambaya uku: mutum nawa yake cuta a nan, zan iya auna shi daidai da abin da ke hannuna, kuma in na samo amsa akwai wanda zai iya aiki da ita? Wanda ya cika ukun nan, ki kama shi ki riƙe shekara da shekaru. Sannu ba ta hana zuwa. Ki rubuta abin da kika gani ko da bai yi miki daɗi ba, ki koya wa na bayanki, ki kula da sallarki da lafiyarki. Allah ya yi miki jagora, ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar al'umma.